Ciwon Cikin Ƙarfe Goma

Ni malamar kimiyya ce, ban taɓa koyon aikin jinya ba. Amma shekarar da nas ɗinmu ta bar aiki, shugabar makaranta ta miƙo mini mabuɗin ɗakin shan magani, ta ce ai ni na san sassan jikin mutum. Makarantar kuɗi ce ta 'yan mata a wajen Hayin Banki. Ɗakin gado ɗaya ne a ciki, da kabad, da fanka mai ƙara. A bayan ƙofa an manna dokoki: ba a ba ɗaliba ko da maganin ciwon kai sai da sa hannun iyaye, kuma ba ta wuce rabin awa a kwance. Ko ta koma aji, ko a kira gida.

A zango na biyu wata 'yar aji biyar ta fara zuwa, doguwa, siririya, marar yawan magana. Kullum ƙarfe goma, daidai lokacin fita cin abinci, sai ta ƙwanƙwasa ta ce cikinta ke ciwo. Na san ta, don mako uku kafin nan farfaɗiya ta kayar da ita a filin taron safe, ni na juya ta gefe, na sa mayafina ƙarƙashin kanta har abin ya lafa. Na ɗauka maganin da take sha ne ke damun cikin. Takan kwanta ta fuskanci bango, da an kaɗa ƙararrawa ta gyara hijabi ta koma aji.

Ran nan na ajiye takardun da nake dubawa na ce, "Ke, wannan ciwon naki ya san agogo."

Ba tare da ta juyo ba ta ce, "Malama, ba ki gani ba?"

"Me zan gani?"

"Kowa ya gani."

Ashe ranar da ta faɗi wata 'yar ajinsu ta ɗauke ta a waya. Aka sa wa bidiyon kiɗa, aka daidaita shi da yadda jikinta ke karkarwa, aka tura a zauren da 'yan ajin suka buɗe a waya. Daga nan ya fita har unguwarsu, Kinkinau. Babu mai zaginta, in ji ta. Sai dai in ta fito lokacin cin abinci, wasu su fara rera kiɗan ƙasa-ƙasa, ɗaya ta girgiza kafaɗa, a kwashe da dariya.

Na je wurin shugaba. Ba muguwar mace ba ce, gajiya ce ta yi mata yawa kamar ni. Ta jawo littafin dokoki ta buɗe.

"Malama, mun hana zuwa da waya. Abin da suka yi a waya, a gidajensu suka yi."

"Ranki ya daɗe, a filinmu aka ɗauka."

"To wadda ta ɗauka ta karya dokar waya. A nemo ta."

Aka nemo ta, aka karɓe wayar, aka kore ta na kwana uku. A takardar da aka aika wa iyayenta ba a ambaci bidiyo ba. Da ta dawo, duk ajin suka daina yi wa yarinyar mai ciwo magana, wai ita ta kai ƙara. Ciwon ciki ya koma farawa tun ƙarfe takwas. Na riƙa barin ta har awa biyu, sai shugaba ta duba rajista ta tuna mini da dokar rabin awa. Dole na kira gida.

Mahaifinta ne ya zo, tela ne a Babbar Kasuwa, da guntun zare maƙale a hannun rigarsa. Bai san komai ba. Da muka yi masa bayani ya roƙa a nuna masa bidiyon, shugaba ta kunna a wayar da aka karɓe. Bai kai ƙarshe ba ya kife ta a kan tebur.

"Hajiya, ana iya gogewa?"

"Yanzu ma za mu goge, Alhaji."

"Na sauran wayoyin fa?"

Ya yi godiya, ya ce a kira masa 'yarsa su tafi.

Bayan haka aka kafa kwamitin malamai da iyaye, aka sa ni a ciki. Zama shida muka yi bayan tashi daga makaranta, da yunwa, muna gardama ko makaranta na da ikon hukunta yarinya kan abin da ta tura daga ɗakin uwarta. Wani daga cikin iyaye ya ce wasan yara ne. Wata ta ce 'yarta ba ta da waya, a bar ta ta je ta ɗora girki. Daga ƙarshe muka fitar da doka mai sakin layi biyu, aka buga, aka liƙa a kowane aji. Kafin nan yarinyar ta bar makarantar, an mayar da ita Zariya wurin gwaggonta.

Sai bayan shekara guda na haɗu da mahaifiyarta a kasuwa, a layin masu atamfa. Ita ta gane ni. Ta ce yarinyar ta rubuta jarrabawar ƙarshe, ta ci, tana son karatun haɗa magunguna. Farfaɗiyar ma ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani.

"Sai dai ba ta zuwa biki, Malama. Ko sunan 'yar yayarta ba ta zauna ba, da aka fara ɗaga wayoyi ta shige ɗaki."

Na ce Allah ya ƙara sauƙi, ta ce amin. Na so in ba ta haƙuri, amma ban san a madadin wa zan bayar ba. Muka yi sallama, na fito bakin titi na daɗe ina jiran keken da zai kai ni gida, Kawo.