Nauyin da Ke Ciyar da Ni

Bayan tallafin karatuna ya ƙare, aikin da na samu a Alƙahira shi ne jan anka, ƙarfen nan da ake jefawa cikin ruwa don ya tsayar da jirgi. Wani likita Bamisire mazaunin unguwar Dokki yana da jirgin shan iska a kogin Nilu, irin mai ciki biyu ɗin nan, kamar kwalekwale biyu da aka yi wa daɓe ɗaya. Injin naɗe sarƙarsa ya daɗe da mutuwa, ni na maye gurbinsa. Ɗan Arewa da ko iyo bai iya ba!

Ankar tsohuwa ce, sarƙarta kauri gare ta, duk tsatsa. In na jawo ta daga laka sai in ji ƙuguna ya amsa. In koma unguwarmu Ainu Shams a tsaye cikin jirgin ƙasa na metro, hannuna na warin ƙarfe, matata ta shafa mini man zafi tana mita. Na tsani ankar nan, Allah ya sani. Amma ita ke riƙe mana da ɗakin haya, domin likita ba ya iya ɗaga ta, shi ya sa yake buƙatata.

Ran nan ya ce goshin jirgin ya yi nauyi, yana dukan ruwa da hanci, kuma irin wannan jirgi ba ya son kaya a gaba, don haka za a sayo wata anka mara nauyi. "Yalla ya shaikh," in ji shi, haka yake kirana saboda karatu, "kai ke ja, kai za ka zaɓa."

Muka je shagon kayan jirgi, har da matarsa. Mai shago ya fito da anka ta alminiyam mai faɗin baki, da siririyar sarƙa gajera, sauran duk igiya. Ya ce ba nauyi ke riƙe jirgi ba, yadda bakin ke nutsewa cikin laka ne. Gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara mini haushi ke nan.

Na ce, "Doktor, mu a garinmu ko turmi za a saya sai an ɗaga. Mai nauyi shi ne mai ƙarko."

Ya yi dariya. "Tamam. Ɗaga wannan mu gani."

Na sunkuya, na ɓata fuska, na yi nishi kamar mai ɗaukar buhun masara. Bayana kuwa, munafuki, murna yake yi. Na dire ta a hanya ina haki na ƙarya.

Matar likita tana waya, ankar ta tare mata hanya. Da hannu ɗaya ta ɗauke ta ta ajiye gefe, ko maganarta ba ta katse ba.

Likita ya dube ta, ya dube ni. Mutumin kirki ne, bai tona ni ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ma'alish ya shaikh, mun wahalar da kai. Khalas, ni zan riƙa ja. Ka koma ga littattafanka."

Na yi godiya, me zan ce? Ni na kai ankar mota, da hannu ɗaya, tunda babu sauran wanda zan yi wa nishi.