Ranar da Aka Ce wa Mijbil Ya Kawo Shaidar Ubansa

Matso nan, gyara zama, ga gahawa ga dabino. In ta ishe ka sai ka girgiza finjalin, in ba haka ba zan yi ta zuba maka har mu kai ƙarshe. Labarin baffana zan ba ka, Mijbil ɗan Nahar, yayan mahaifina, wanda muka binne a garin Jahra shekara bakwai da suka wuce. Mutum ne da ya rayu ya mutu a ƙasar da kakanninsa suka yi kiwo, ba tare da takardar da ta ce shi ɗan ƙasar ba ne.

An haife shi a tantin gashin akuya, kusa da wata rijiya da mutanenmu ke kira Ummu Ɗalha, a shekarar da ruwan sama ya rushe gidajen ƙasa na birnin Kuwait. Haka tsofaffinmu ke ƙirga shekaru. Ƙasa kuwa, a wurinsu, ita ce inda raƙumanka suka saba kiwo. In ruwa ya sauka a arewa a yi arewa, in ciyawa ta tsiro a kudu a gangara. Ka gai da shehun da ka sauka kusa da shi, ka sha daga rijiyar da kakanka ya haƙa, shi ke nan.

Baffa mai bin sawu ne, kuma ba a yi kamarsa ba a dangi. Zai durƙusa a kan sawun raƙumi, ya murtsuke kashinsa da yatsa, ya ce maka taguwa ce, shekaranjiya ta sha ruwa, daga wuri kaza ta fito, kuma mai ita sauri yake yi.

To, bayan Turawa sun tafi, ƙasa ta zama mai cin gashin kanta, sai aka kafa kwamiti na rubuta 'yan ƙasa. Baffa da ƙaninsa Hazza, wato mahaifina, sun shigo birni sayar da tumaki, aka ce musu su leƙa. Mahaifina ya ba mu labarin nan ya fi sau ɗari. Mutum uku ne a bayan tebur, fanka tana juyi a sama.

Magatakarda ya ce, "Sunanka?"

"Mijbil ɗan Nahar ɗan Sattam ɗan Gazi ɗan..."

"Ya isa, layin ya cika. Ina aka haife ka?"

"Ummu Ɗalha."

"Ta wane ɓangare take? Namu ko nasu?"

"Su wa?"

"Na ƙetaren iyaka mana."

Baffa ya ce, "Rijiya ce, ɗan'uwa. Tana nan inda take."

Magatakarda ya yi murmushi, ya ce ba komai, ya je ya kawo dattawa biyu su shaida cewa Nahar mutumin nan ne, kuma shi Mijbil ɗansa ne.

Kai ma ka san wanda ake neman shaida a kan ubansa a cikin mutanenmu: wanda ake shakkar uwarsa. Mahaifina ya ce sai da ya ga jijiyar wuyan yayansa ta miƙe.

"In kawo shaida a kan ubana? Me uwata ta yi muku?"

"Haba, ba zagi ba ne. Ƙa'ida ce, kowa ma haka yake yi."

"To kowa ya kawo. Ni ban taɓa jin an tambayi ɗan halak ba."

Ya gyara mayafin kansa ya fice. Mahaifina, da yake lokacin shekararsa goma sha tara kuma yana sha'awar aikin kamfanin mai, ya koma washegari da tsofaffi biyu aka rubuta shi. Daga ranar Baffa ya laƙaba masa suna "ɗan takarda". Ko a taron biki sai ka ji ya ɗaga murya: "Hazza, ina ubanka? Yana aljihu? Ka gaya wa matarka kada ta wanke rigar da shi!" Mahaifina ya yi dariya ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Yaya."

Shekaru da yawa ba a ga wani bambanci ba. Har ma masu gadin iyaka suka ɗauki Baffa aiki, domin su taswira suke da ita, shi kuwa ya san ƙasar. A fayil ɗinsa aka rubuta bidun, wato "babu", marar ƙasa. Dariya abin yake ba shi. Ya ce, "Wanda ke ba ni albashi duk wata shi ne ya rubuta ba ni nan." Shekara ashirin da shida yana bin sawun masu tsallaka layin da shi kansa bai yarda akwai shi ba. Wani lokaci ya bi sawu kwana biyu, ya tarar ɗan gwaggonsa ne da tumaki. Sai ya dafa masa shayi tukuna, ya tambayi lafiyar gida, sannan ya ce, "To tashi mu je, wai ka shigo ƙasarmu."

Sannu a hankali ƙofofi suka fara rufewa. Makaranta ta ce takarda, asibiti ya ce takarda. Bayan yaƙin da aka yi lokacin da aka mamaye Kuwait, aka sallame su daga aiki gaba ɗaya, shi da ire-irensa. Ya koma Taima, unguwar gidajen kwano, mu kuwa muna tsallaken titi a gida mai bene. Mahaifina kan aika da shinkafa da rago, Baffa kan mayar da rabi. Ɗansa Nayif ya yi aure, liman ya ɗaura, amma ba takardar aure. Aka haifa wa Nayif 'ya, Nuwayyir, ba takardar haihuwa. Ta kai shekara bakwai, kullum da safe tana zaune a dokin ƙofa tana kallon 'ya'yana suna shiga motar makaranta.

Matar Baffa, Gwaggo Wadha, ba ta da rufi a baki. Wata safiya ta ajiye masa gahawa da ƙarfi, ta nuna yarinyar da haɓa, ta ce, "Uban Nayif, ga girman kanka can zaune a bakin ƙofa. Je ka karanta mata sunayen kakanninka tara, ko za a ɗauke ta aji ɗaya."

Baffa ya dubi yarinyar. Da hantsi ya aiko a kira mahaifina, ya ce, "Ɗan takarda, zo ka yi mini shaida."

Ni na tuƙa su zuwa ofishin rubuta 'yan ƙasa. Shekara arba'in da huɗu ke nan bayan waccan rana. Ma'aikacin da muka samu sa'an Nayif ne, mai ladabi, har ya miƙe ya ba Baffa kujera.

Baffa ya ce, "Na kawo shaidar. Ga ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya."

"Baba, ai an rufe wannan ƙofar tun kafin a haife ni."

"Shi ɗan ƙasa ne?"

"Ɗan ƙasa ne."

"Ni fa?"

Ma'aikacin ya juyo mana da fuskar kwamfuta. Ga taswira, ga jan layi, ga Ummu Ɗalha can bayan layin, tafiyar da ba ta kai ta sa'a guda a ƙafa ba. Ya ce hanya ɗaya ce ta rage. In Baffa ya dangwala yatsa a takardar da ke cewa asalinsu mutanen waccan ƙasar ta bayan layin ne, za a ba su katin zama na shekara biyar, yarinya ta sami takardar haihuwa, ta shiga makaranta.

Mahaifina ya riƙe masa hannu. "Kada ka yi, Yaya. In ka sa, ka sa ke nan, ba a gogewa."

Baffa, da yake bai iya karatu ba, ya dubi takardar ya daɗe. Ya ce, "Ɗana, sunan Nahar yana ciki?"

"Yana ciki, Baba."

"A matsayin me?"

"A matsayin mutumin can."

"Baƙo ke nan."

Ma'aikacin ya sunkuyar da kai. Baffa ya zare hannunsa daga na mahaifina, ya ce a miƙo tawada.

A hanyar komawa gida a mota, muka wuce shatale-talen Jahra. Can sai Baffa ya ce, "Yi dariya mana, Hazza. Yau ranarka ce." Na duba madubi, na ga mahaifina ya rufe fuska da mayafi, yana kuka.

Nuwayyir ta shiga makaranta a watan tara. Baffa da kansa ya raka ta ranar farko, ya tsaya a tsallaken titi har aka rufe ƙofa. Ya ƙara shekara huɗu a duniya, amma ya daina zuwa zauren hira, ya daina zolayar kowa. Gwaggo Wadha ta ce da ta san haka zai koma, da ta haɗiye maganarta. Da ya rasu, a takardar mutuwarsa aka rubuta sunan waccan ƙasar, wadda bai taɓa kwana a cikin wani birninta ba. Nayif ya je ofishin jakadancinsu neman fasfo, suka bincika littattafansu, suka ce ba su san da wani Nahar ba.

Bana Nuwayyir ta gama sakandare, ita ce ta biyu a makarantarsu. Makon jiya ta zo mini da takardar neman shiga jami'a, ta cike ko'ina da kyakkyawan rubutunta, saura gurbi ɗaya, inda aka ce ƙasa. Ta miƙo mini alƙalami ta ce, "Baffa, nan fa me zan sa?"

Har yanzu takardar tana kan teburina. Kai da ka saurara tun daga farko, me zan ce mata ta rubuta?