Dakta Rabi da Ƙafafuna Marasa Lalle

Ina zaune a tsakar gidanmu a Soron Ɗinki, da cikina wata takwas, ƙanwata ta faɗo ko sallama babu, ta ce Allah Ya yi wa Dakta Rabi rasuwa. Na yi salati, na dubi ƙafafuna, sai hawaye.

Ita ce likitar da ke yi wa masu naƙuda allurar baya, mai kashe zafi. Ni kuwa tun cikin fari aka gano ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini sun yi mini ƙaranci. Ga mai irin jinina, allurar kan iya sa jini ya taru a gadon baya, ya danne jijiya, ƙafa ta mutu.

Ranar da aka fara tura ni wajenta na sha baƙin lalle har ƙwauri. Ta ƙare mini kallo ta ce, "Awo kika zo ko biki? Kin rufe min abin da nake nema." Ashe jajayen ɗigo take nema a fata, alamar jini na tsattsafowa. Ta duba dasashina, ta tambaye ni ko ina haɓo, ta sa aka sake gwajin jini. Sannan ta ce, "Ƙarancinsa kaɗai ba ya hanawa. In bai yi ƙasa sosai ba, kuma ya tsaya, zan yi miki allurar. In yana sauka, ko kuka za ki yi ba zan yi ba." Wallahi ranar na ji haushinta.

Ya tsaya, ta yi mini, na sauka lafiya. Amma ba ta bar ni na huta ba, bini-bini ta leƙo ta yaye zanen rufata: "Motsa min yatsunki." Na ce, "Dakta, rawa kike so in yi?" Ta ce, "Rawar nake jira, 'yata. Sai na gan ta zan tafi gida."

A wannan cikin kuwa jinin sauka yake yi. Zuwana na ƙarshe ta ce, "Kar ki sa lalle, ranar ma gani." Ranar ta matso, ita babu, kuma tsoro nake ji. Lallen dai ban sa ba, ba kuma zan sa ba, ko wa zan tarar a madadinta.

Allah Ya jiƙanta, Ya yafe mata, Ya sanyaya makwancinta kamar yadda ta sanyaya mana naƙuda. Ya ba 'ya'yanta haƙuri. Mu da ta bari da ciki, Allah Ya raba mu lafiya.