Tsaya Haka, Kar Ki Motsa

Duk zuriyar Kucera, tun daga kakanmu da ya fara kafa shinge a tuddan yashin Nebraska har zuwa jaririn da aka yi wa baftisma shekaranjiya, ba a taɓa haifar matsoraci kamar Delbert ba. Ɗan kawuna ne, saboda haka ba ƙage nake masa ba. Yana yaro talotalo ya taɓa korarsa ya haye hasumiyar fankar da ke jawo wa shanu ruwa, ya kuma ƙi saukowa sai da aka yanka talotalon aka ɗaga masa kan ya gani. Da ya girma, ko gwajin jiniyar gargaɗin guguwa ake yi a gari da tsakar rana, rana fes, kafin ta kai ƙarshen kukanta Delbert yana cikin ɗakin ɓuya na ƙarƙashin ƙasa, zaune tsakanin kwalaben kabeji, ya ja ƙofa.

Ba wai babu dalili ba. A ƙasarmu guguwa ba wasan yara ba ce, tana ɗauke rumbu da saniyar da ke bayansa. Kakarmu, Babi, takan jera mu a bakin shinge ta koya mana abu guda. Ta ce in ka hango guguwa, ka daidaita ta da sandar shinge ɗaya. In ta gota sandar ta yi hagu ko dama, wani waje za ta. In kuwa ta ƙi barin sandar, tana ta ƙara ƙiba, to wajenka take zuwa, ka nemi rami. Mu duka mun ji, amma Delbert ne kaɗai ya yi fitsari a wando don jin bayanin kawai.

Kiwo ya gagare shi, don shi da bijimi ba sa haɗa ido. Sai ya buɗe shagon hoto a cikin gari. Ya ɗauki amare, ya ɗauki 'yan makaranta, ya ɗauki maruƙan da suka ci gasa. Kowa ya tsaya gabansa magana ɗaya zai ji: "Yawwa. Tsaya haka, kar ka motsa." Ya faɗe ta ga jarirai, ya faɗe ta ga fada a coci, an ce har wani mamaci da aka kira shi ya ɗauka a akwati ya faɗa wa. Maganar ta zame masa suna, yara na ganinsa a titi sai su sandare kamar gumaka.

Da furfura ta cinye kansa ya rufe shago, ya sayi wata tsohuwar kyamarar katako a wajen gwanjo. Akwati ce mai ciki kamar zugazugin maƙera, tana tsaye kan ƙafafu uku, da baƙin mayafi da mutum ke lulluɓa ya leƙa gilashin bayanta. A gilashin nan komai a kife yake fitowa, sama a ƙasa, ƙasa a sama, duk duniya ba ta fi yankan burodi ba. Sai mutum ya gama daidaita komai, ya fito daga mayafin, sannan ya zura fim ya danna. Delbert ya bar mutane ya koma ɗaukar tuddai, da ciyawa, da gajimare. Ya ce tudu ba ya ƙifta ido, kuma uwarsa ba ta zuwa ta ce an ƙara masa hanci.

A nan abin mamakin yake. Da zarar ya shiga mayafin nan, tsoro sai ya tsaya a waje yana jiransa. Duniyar da ke kife, 'yar mitsitsiya, ba ta yi masa kama da wadda za ta iya cizo ba. Bijimin maƙwabci ya taɓa zuwa ya shinshina masa ɗuwawu, Delbert ya ce, "Maxine, bari mana." Maxine matarsa ce. Ita ke tuƙa shi a tsohuwar a-kori-kurarsu, don shi tuƙi ma tsoro yake ba shi. Gwiwarta ɗaya ta lalace, ba ta hawa tudu, sai ta zauna a mota da kofi da kolaci, wani burodin zaƙi mai cikin 'ya'yan itacen ceri, in ta gaji ta danna ham. Yunwa, ham. Sauro, ham. Waƙar da ba ta so a rediyo, ham. Har kunnensa ya daina ji.

Ranar da abin ya faru, a watan Yuni ne, da yamma. Zafi ya danne gari tun safe, shanu sun cure a kusurwar shinge sun ƙi kiwo. Can ta fuskar yamma wani hadari ya taso, fari tas a sama kamar an tula auduga, ƙasansa kuwa baƙi. Maxine ta tsayar da mota a gindin wani tudu, kusa da kwalbatin da shanu ke bi ta ƙarƙashin hanya.

"Del, ni fa wannan abin bai kwanta min ba," in ji ta. "Dubi cikinsa, kore yake yi."

"Yana da nisa, tsohuwa. Ɗaya tak zan ɗauka."

"Ɗaya tak ɗinka ai na san shi. Ɗaya tak ka ce ranar da 'yarmu Lorene ta kusa haihuwa a mota."

"To juya motar ta kalli gida. Kar ki kashe ta."

"Ji jarumi! Mutumin da ya gudu ya bar ni da ɓera a kicin."

"Ba gudu na yi ba, tsintsiya na je nema."

"A gidan ƙanwarka?"

Ya saɓi kyamara ya haye tudun da ke gabas da hanya, yana waiwaye, zuciyarsa na dukan uku-uku kamar kullum. A ƙololuwa ya kafa ƙafafun, ya ɗaga bakin kyamarar sama don hadarin ya shiga, hanya da mota suka fita daga gilashi. Ya ja mayafi ya lulluɓa. Nan take ƙirjinsa ya lafa.

Bai taɓa ganin abu mai kyau kamar wannan ba. Hadarin na kwance a ƙasan gilashi kamar tafki, tuddai na rataye a sama. Gilashin yana da siraran layuka da ake daidaita hoto da su. Yana cikin murɗa ƙusar da ke fito da hoto sarai sai ya ga wani abu ya tsiro daga cikin hadarin, siriri, fari-fari, yana miƙewa sama kamar tsiron wake. Ya miƙe, ya lanƙwasa, ya taɓo tuddai. Inda ya taɓa, ƙura ta tashi.

Ham ya fara. Delbert ya ce, "Na ji, na ji."

Ya san ko mece ce, ba jahili ba ne. Amma tsawonta bai kai ɗan yatsansa ba, kuma a kife take. Abin da ya fi faranta masa rai, ta zo ta zauna daidai kan layin tsakiya, ba ta gota ko kaɗan ba. Shekara da shekaru yana roƙon 'yan Adam su tsaya cak suna ƙi, yau ga guguwa sukutum ta yi masa biyayya.

"Yawwa," ya ce a hankali. "Tsaya haka. Kar ki motsa."

Ta tsaya. Sai dai kamar ta ɗan yi kauri. Ya ce a ransa bai murɗa daidai ba, ya sake murɗawa. Da ya duba, ta kai faɗin yatsu biyu. Ham na ta kuka ba numfashi. Ya rungumi ƙafafun kyamara ya ja baya, yana lulluɓe, ya sake kafawa. Ta kai faɗin tafin hannu, launinta ya koma na toka mai duhu, wasu ƙananan baƙaƙen abubuwa na shawagi a gefenta kamar ƙudaje. Ya ƙura ido. Ɗaya daga cikin ƙudajen nan yana da ƙahoni.

Sai ham ya ɗauke.

Wannan ne ya fara shigo masa da sanyi cikin mayafi. Maxine ba ta taɓa barin ham don kanta ba. Ya kasa kunne. Babu tsuntsu, babu gyare, ciyawar da ke ta shuu tun ɗazu ta yi tsit. Kunnuwansa suka toshe kamar an tura masa yatsu. Daga ƙarƙashin takalmansa ya ji ƙasa na rawa, irin rawar da take yi in jirgin ƙasa mai dakon gawayi zai wuce, alhali babu layin dogo a wannan yanki. Ya sake kallon layin tsakiyar gilashi, siriri, a miƙe, abin na bayansa bai bar shi ba. Sai ya ga sandar shinge. Ya ji muryar Babi.

Ya ɗaga mayafin.

Guguwar ba ta da gefe. Ya nemi inda ta ƙare ta hagu, ya nemi ta dama, sai da ya juya wuya. Baƙin bango ne daga ƙasa har inda ido ya gaza, yana juyawa, yana nishi, yana tauna tudun da ke ƙetaren hanya. Sandunan shinge na fizgewa ɗaya bayan ɗaya, waya na bin su tana walƙiya. Iskar ba ture shi take ba, jan shi take, rigarsa ta kumbura ta gaba kamar ana kiransa. Warin ɗanyar ƙasa da saiwar ciyawa ya cika masa baki. Ya ce wa ƙafafunsa su gudu. Suka ƙi. Mutumin da ya tsere wa talotalo, ya tsere wa ɓera, ya tsere wa jiniyar gwaji, yau da gudu ya zama dole ya sandare kamar yaran da ke tsokanarsa a titi.

A ƙasa, a tsakiyar gangaren, ya hango wani abu ja. Rigar Maxine ce. Ta baro mota ta nufo shi da gurguwar gwiwarta, gwiwar ta ci amanarta, tana rarrafe a yashi, bakinta a buɗe, ba ya jin komai. Bayansa fili ne, gabas, inda kowane gashi na jikinsa ke cewa ya nufa. Maxine kuwa tana gabansa. Kwalbati ma yana gabansa, a gindin tudu, wajen da abin ke tahowa.

Ya gwada ɗaga ƙafa yana kallonta, abin ya faskara. Ya duba hannunsa, mayafin na nan a dunƙule. Ya mayar da shi kansa.

Duhu ya rufe shi. Duniya ta koma takalma biyu da ɗan yashi. Ya bi takalman. Ya gangara a makance, yana tuntuɓe, yana kiran Maryamu da duk waliyyan da ya tuna har da waɗanda ya ƙirƙira, ƙanƙara na dukan bayansa kamar ana jifansa da ƙwai na dutse. Ja ya bayyana a gaban takalman. Ya sunkuya ya cafko.

"Del! Cire tsumman nan, mahaukaci!"

"In na cire mun mutu! Ina kwalbati?"

"Hagu! Hagunka, sakarai, ba nawa ba!"

Haka suka tafi, shi ƙafafu, ita idanu, tana rataye a wuyansa tana zaginsa. Suka faɗa bakin kwalbati da ciki, cikin taɓo da kashin shanu, ya tura ta ciki ya kwanta a kanta. Sai abin ya iso. Haske ya mutu. Ƙarar ta wuce a ce ƙara, a cikin haƙora ake jin ta. Iska ta shigo ta baki ɗaya tana zuƙe numfashinsu ta ɗayan, wani abu ya kama ƙafar Delbert ya ja, takalminsa ya tafi. Ya ƙanƙame Maxine, ya cusa fuska cikin mayafi, yana faɗa mata a kunne abin da bakinsa ya saba: "Tsaya haka, tsaya haka, kar ki motsa." Karo na farko a aurensu ta yi abin da ya ce.

Da suka rarrafo waje, ruwa na sauka a hankali kamar bai san komai ba. Tudun da ya tsaya a kai an aske shi ƙwal. Babu kyamara, babu ƙafafunta. Motar tana can cikin makiyaya, tayoyi a sama, rediyonta na ta waƙa. Delbert ya daɗe yana kallonta, ƙafa ɗaya ba takalmi, ya ce, "Haka nake ganinta kullum a gilashi." Daga nan ya zauna a taɓo ya yi ta kuka har masu neman shanunsu suka tsince su.

Hoto kuwa, ko ɗaya. Bai kai ga zura fim ba. Duk gundumar babu wanda ya ga guguwar nan kusa kamarsa ya rayu, amma in aka tambaye shi a shagon shan kofi yadda take, sai ya zana ta a takardar goge baki da faffaɗan kanta a ƙasa, wutsiya a sama. A ce masa, "Del, ai a kife take." Ya juya takardar, ya kalle ta sau ɗaya, ya yi maza ya mayar da ita yadda take.

Ya sake sayen wata kyamarar, mayafin dai shi ne na da, Maxine ta wanke ta ɗinke. Yana fita har yanzu, amma tsoro ya gano hanyar shiga ciki. Ba ya numfashi uku a lulluɓe sai ya leƙo kamar kunkuru, ya duba yamma, ya duba Maxine, ya koma. Ita kuma ta daina danna ham, ko sauro zai cinye ta.

Bara aka ɗaura auren jikarsu. Mai hoton da aka ɗauko daga birni ya jera dangi a ƙofar coci, rana fes, babu gajimare ko na magani. Ya ɗaga hannu ya ce, "Yawwa, ku tsaya haka, kar kowa ya motsa." A hoton kowa na murmushi, har Maxine. Wajen da Delbert ya tsaya babu kowa, sai hannunta a miƙe, riƙe da hannun kwat ɗin da ya zame ya bar mata.