Mutumin Birjand da Za'afaran Ɗina

Shekarun baya, ban daɗe da gadon teburin mahaifina a unguwar Borokiri ta Fatakwal ba, na kusa zagin wani baƙo a ƙofar masallaci. Teburin na kayan ƙamshi ne da magunguna: turare, zuma, habbatus sauda, dabino, busasshiyar magarya da ake kawo mana daga Arewa, sai za'afaran a 'yan ƙananan kwalabe. Za'afaran ɗin nan da shi nake taƙama, domin da shi Malam, tsohon limamin unguwarmu, yake yi wa marasa lafiya rubutun sha. Aminin mahaifina ne, a teburinmu yake saye tun ina yaro, kuma in ya ce kayan wane nagari ne, to duk Hausawan Fatakwal sun yarda. Yardar Malam ita ce babban abin da mahaifina ya bar mini, kuma na san haka.

Wata Juma'a bayan an sauko, wani farin mutum mai furfura ya tsaya a gabana. Na sha ganinsa a sahu, an ce injinan sanyi yake gyarawa a can Trans-Amadi. Ya ɗauki magarya guda ya jefa a baki, ya lumshe ido, sannan ya ce mini da Turancin burokan da ya koya a nan cewa wannan abin garinsu ne.

Na ce, "Oga, wane gari?"

Ya ce Birjand, a gabashin Iran, can wajen iyakar Afghanistan, inda ake yaren Farisa. Ya ce tasu magaryar ja ce, ta kai ƙaramin dabino, kuma gonakinta ake yi. Na yi dariyar kasuwa kawai. Farar fata da magarya? Ni a lokacin duk ƙasar da ta wuce Makka ƙanƙara nake ɗauka tana zuba a cikinta shekara da shekara.

Sai idonsa ya sauka kan kwalaben. Ya buɗe ɗaya, ya shinshina, ya murza sili guda tsakanin yatsunsa, ya dubi jan da ya bari. Ya rage murya ya ce, "My friend, dis one no be am."

Wato za'afaran ɗina ba na gaske ba ne. Raina ya ɓaci nan take. Na karɓe kwalbar na ce masa kayana daga Makka suke. Gaskiyar magana ban taɓa tambaya ba. Wata takwas kafin nan na daina saye a wurin dillalin mahaifina, na koma wa wani sabo a Onitsha da yake ba ni a rabin kuɗi. Shi ya ce daga Makka, ni kuma arhar ta hana ni yin wata tambaya.

Da yamma na ba abokina labari. Mahauci ne a mayankar Trans-Amadi, kuma bai taɓa ganin mutum ya ce na kirki ne ba. Ya ce, "Kai dai ba ka san Fatakwal ba har yau. Haka suke farawa. Zai kushe naka, sati mai zuwa ya ce yana da kwantena a tashar ruwa, ka kawo somin-taɓi. Shine your eye, mutumina." Maganar ta zauna mini daram, don dama ita nake son ji.

Juma'ar gaba mutumin ya dawo, ya sayi magarya, ya zauna a bencina ba tare da na ce bismilla ba. Ya yagi kwali ya zana mini garinsu. Duwatsu nan, hamada nan, tsohuwar ganuwar ƙasa a kan tudu inda kakanninsu suke gudu su ɓuya in mahara sun zo, sai hanyar fatake da ta bi ta nan tun zamanin raƙuma. Ya ce ruwan saman da ake yi a Fatakwal a 'yan kwanaki ya fi abin da suke gani a shekara. Na tambaye shi to me suke sha, ina jiran ya daburce. Ya ce rijiyoyi ake haƙawa a jere tun daga gindin dutse, a haɗa su da rami ta ƙarƙashin ƙasa, ruwa ya gangaro da kansa har cikin gari, rana ba ta shanye shi ba. A raina na ce wannan ya iya tsara zance.

Ya ce da ɗan ruwan nan suke noman magarya da wasu 'ya'yan itace jajaye masu tsami, mata na saƙar darduma, amma abin da ke riƙe gidaje da yawa shi ne za'afaran. Fure ne mai ruwan goda da yake fitowa 'yan makonni kaɗan in sanyi ya fara, a tsinke shi kafin rana ta ɗaga, kowane fure sili uku kacal yake bayarwa. Ya nuna mini hoton wata tsohuwa a waya, zaune gaban tulin furanni, ya ce mahaifiyarsa ce. Na ce Allah ya ƙara mata lafiya, ina raya cewa a intanet ya samo ta. Duk zaman nan jira nake ya faɗi farashi in kama shi, har ya tashi bai faɗa ba.

Sati na uku ya zo da ɗan gwangwani kamar na man leɓe. Ya ce mahaifiyarsa ta ba shi don shayi. Ya ɗibar mini kaɗan a takarda ya ce, "No pay. Ka sa nawa da naka a ruwan sanyi, kofi biyu. Kada ka yi a gabana." Kafin nan na riga na zaga wa rabin unguwa cewa akwai wani ɗan damfara da ke bin masallaci.

Na je gida na yi. Har ruwan sai da na ɗebo da hannuna, don kada a ce an yi mini dabo. Nawa yana taɓa ruwa kofin ya rine ja kamar zoɓo, silin kuma suka koɗe suka koma abin da suke tun asali, gashin masara. Nasa ya daɗe kafin ya saki launi a hankali, rawaya mai kyau, silin suna nan da jansu. Na sake sau uku ina neman laifin kofin. Daga nan tsoro ya kama ni, domin wata takwas ke nan ina miƙa wa Malam rini, kuma mahaifiyata ma tana cikin masu shan rubutunsa.

Abokina ya ce in zubar da sauran in yi shiru, wa zai sani? Kwana biyu na yi ina juya shawarar, kuma ba zan ce ba ta burge ni ba. A rana ta uku bayan la'asar na tafi zauren Malam.

Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi mahaifiyata da kasuwa. Na ce, "Allah gafarta Malam, na zo da magana mai nauyi. Za'afaran ɗin da nake kawo maka ba na gaske ba ne."

Ya miƙa hannu bayan buzunsa ya jawo wani tsohon gwangwanin madara ya buɗe. Kwalabena ne a ciki cike, ɗaya kawai aka taɓa.

Ya ce, "Tun ranar farko na gani, ɗana. Shekara nawa ina rubutu da shi? Na koma tawadar zuge da ƙaro. Na tambaye ka daga ina, ka rantse mini daga Makka. Sai na rasa ko an cuce ka ne ko kai ke cuta."

Na ce, "To me ya sa kake ta saye, Baba?"

Ya ce, "Don kada ya je cikin wani. Kuma in na bari maganar ta fita, sunan ubanka za a kira kafin naka."

Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa duk sanda kaya suka iso yake aikowa a kwashe kusan duka. Ni ina can ina cewa kasuwa ta buɗe mini.

Baƙon nan aikinsa ya ƙare bayan 'yan watanni ya koma gida. Na ba shi haƙuri, na cika masa leda da magarya, ya yi dariya ya ce mutanen garinsu za su tausaya mana in suka ga ƙanƙantarta. Bai taɓa sayar mini da ko sili ɗaya ba. Rijiyoyin nan ma daga baya ɗana ya nuna mini su a waya, ga su a jere kamar yadda ya zana a kwali.

Yanzu ba abin da ke hawa teburina sai ya shiga kofin ruwa, kuma in kaya suka yi arha da yawa na fi tsananta musu tambaya. Amma abin da har yau yake sa ni sunkuyar da kai ba shi ne rinin ba. Sati uku na yi ina zargin mutumin da bai yi mini komai ba, na gaya wa duk wanda ya tsaya saurare. Malam, Allah ya jiƙansa, wata takwas ya yi yana zargina da hujja a hannunsa, kullum yana amsa gaisuwata, kuma bai gaya wa kowa ba.