Luguden Dada Balaraba

Duk macen da ta tashi a Kwandiko ta san muryar Dada Balaraba. Tun tana budurwa ita ke ba da waƙa a bakin turmi, mata na amsawa. Da injin niƙa ya shigo gari aka jingine taɓare, ita ta ƙi. Cewa take inji gari kawai yake ba ki, ba ya tambayar yadda kika kwana. Masu ganin sun waye suka ce ƙauyanci ne. Wayewar tasu dai har yau ba ta warkar da ko ciwon kai ba.

Bara bayan girbi Ummussalma, 'yar ƙanwarta, ta haihu, jaririn ya koma. Ta shige ɗaki, ba ci, ba magana. Aka kai ta asibitin Birnin Kudu, aka ba ta magani, likita ya ce kada a bar ta ita kaɗai. Mijinta Yahuza ya ji da kunnensa, amma da suka dawo ya saki labule ya hana kowa shiga, wai mara lafiya shiru take so. Shirun da ke cin ta shi ya ƙara mata.

Dada ta zo da taɓaryarta, ya tare ta a zaure.

"Dada, gidan nan fa ba biki ake ba."

"To, Malam Yahuza. Gidan Nasiha ma kai ke da iko da shi?"

Nasiha maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya ta raba tsakar gidanta da ɗakin Ummussalma. A jikin katangar suka kafa turmi. Da ma su uku suke lugude, Ummussalma ce ke sara na uku. Dada ta hana kowa shiga gurbinta. Ta buga, Nasiha ta buga, sai a bar wurin fayau, luguden na tafiya kamar jaki mai ɗingishi. Dada na rerawa, "Turmi na kira, ina ta ukunmu?" matan unguwa na amsawa, "Tana ciki, tana jin mu."

Kullum da hantsi haka. Nasiha ta fara mita.

"Dada, tafina ya yi kanta. Gerona ya ƙare, na maƙwabta ma mun dake shi."

"Kawo dawa."

Dada kanta ta fara tsorata, ko da yake ba ta gaya wa kowa ba. Ran nan suna tsakiyar waƙa sai muryar Ummussalma ta tsallako katanga, a dishe.

"Dada, wai wa ke riƙe da taɓarya ta biyu?"

"Nasiha ce."

"Shi ya sa. Kunnena har ciwo yake."

"Jikin naki ya yi sauƙi ke nan, tunda bakin ya dawo," in ji Nasiha. "Fito ki gyara, gwana."

Ta fito da mayafi a karkace, ta wuce Yahuza a zaure. Ta karɓi taɓarya. Hannun ba ƙarfi, amma saran ya faɗa daidai gurbinsa. Can kuka ya ƙwace mata. Dada ta yi wa mata ido kada wadda ta tsaya, suka ɗaga amshi ya rufe kukan, ta yi abinta ba mai kallonta.

Har yanzu tana shan maganinta, wata rana kuma jikin ba daɗi. Amma a ranar, da aka dama fura, ta shanye kwanon tas, sannan ta ce wa Nasiha nonon ya yi tsami.