Wiwin Mai Takaba

Duk ƙauyen nan da ke kan dutse, sama da garin Mapoteng, an san Mapaballo da rashin zama wuri ɗaya. Tun tana amarya uwar mijinta ke cewa kamar an zuba mata garwashi a zane. Ita ke riga kowa zuwa gona, ta shuka wiwinta tsakanin kunyoyin masara, yadda ake yi a nan tun kaka da kakanni.

Sai mijinta Sekhonyana ya rasu ana gab da shuka, aka sa mata baƙaƙen kayan takaba. Mai takaba kuwa ba ta taka gona, wai sawunta na ƙona amfani. To, ɗaure wa irin wannan mace ƙafa ka sha kallo.

Irin wiwin da marigayin ya gada wurin ubansa ɓera ya cinye shi lokacin jinya, sai ɗan kaɗan a ƙullin tsumma. In aka bar shi sai baɗi, ba lallai ya tsiro ba. Ta zuba shi a wata tsohuwar tasa mai yoyo a bayan ɗaki, bakwai suka fito, kore shar. Da suka ɗan tasa sai ta ga ai abin da mijinta ya bari ya fi ƙarfin tasa mai yoyo. Ta ɗauko bokitanta masu kyau, ta haɗa da gwangwanayen fenti, ta cika da ƙasa, ta dasa su ɗaya-ɗaya.

Ba a daɗe ba ganye ya fara sunkuyawa. Na ƙasa ya yi rawaya, bakinsa ya yi baƙi-baƙi. Ta juya bayansa tana neman ƙwari, babu ko ɗaya. Ta ce rana ce, ta kai su inuwa. Ta ce sanyi ne, ta dawo da su rana. Ta ce ƙishirwa ce, in ta wuce ta zuba ruwa, in ta dawo ta ƙara. Uku suka mutu. Nan fa tsoro ya shige ta. Ashe maganar mutane gaskiya ce? Idan sauran huɗun suka bi, irin gidan Sekhonyana ya ƙare ke nan, kuma a hannunta.

Wata hantsi yayar marigayin, Puseletso, ta kawo mata kunun dawa, ta same ta rungume da bokiti tana neman inda za ta sake ajiye shi.

"Matar ƙanena, gona aka hana ki, shi ne kika ɗauko gonar kina yawo da ita?"

"Yaya, bar wasa. Duba min, ki faɗa min gaskiya. Ni ce ko?"

Puseletso ta durƙusa ta murza ganyen. Bai bushe ba, laushi gare shi. Ta ɗaga bokitin ta ce, "Wash! Dutse kika dasa?" Ta cusa yatsa a ƙasar, ta shinshina, ta yamutsa fuska. Sannan ta leƙa gindin bokitin.

"Ke ce mana. Amma babu ruwan takabarki. Ta ina ruwan zai fita?"

"Haba Yaya, a gona wa ke huda ƙasa?"

"Gona na shanye abinta, ke kuwa kin jiƙa su kamar kayan wanki. Saiwar ce ke ruɓewa. Wallahi tasar can mai yoyo ta fi ki hankali."

Suka gasa ƙusa a wuta suka hudhuda bokitan. Baƙin ruwa mai wari ya dinga tsiyaya a tsakar gida.

"Yanzu me zan yi musu?" in ji Mapaballo, har ta miƙe.

"Ba komai. Kar ki zuba, kar ki ɗaga, sai ƙasar ta bushe. Mai rai zai fito da sabon ganye."

"In zauna kawai ina kallo?"

Puseletso ta daina dariya. "Ki zauna. Ƙanena da yake kwance, sau nawa ya ce ki zo ki zauna kusa da shi, ke kina can kina dama kunun da ba zai iya sha ba?"

Mapaballo ta zauna a kan dutsen ƙofar ɗaki, ta cusa hannayenta cikin bargo ta matse su tsakanin gwiwoyinta. Tun ranar da aka binne shi ba ta yi kuka ba, sai yau. Bokitan huɗu na gabanta suna ɗiga, ba ta tashi ba.